Kaftanin Instagram ko na telanka?

Malam, ka tambaya ko ka sayi kaftanin matasan da ke talla a Instagram ko ka tsaya wa telanka. Ni dai aikin yaran nan yana burge ni, musamman yadda suke fitar da wuya tsaf. Amma kada hoto ya ruɗe ka. In kaya ya zo, juya cikinsa ka duba ko zare na warwarewa, ka sa ka ga zaman kafaɗa.

Babbar riga kuwa, sayi shadda yadi 10 a Kantin Kwari, Getzner in da hali, ka kai wa masu aikin hannu na Zariya su yi maka adon ɗinkin da ake kira aska takwas. Tana cin makonni, kai ta tun kafin azumi.