Tambaya da Amsa: Masu wa'azi sun yi mini yawa, wa zan gaskata?

Tambaya: Baba Fasto, salama a gare ka. Ni matar aure ce a Mabera, nan Sakkwato, kuma ina cikin zumuntar mata ta ikkilisiyarmu. Shekara biyu ke nan maigidana ba shi da tsayayyen aiki, ni kuwa na duƙufa sauraron wa'azi a Facebook da WhatsApp har kaina ya ɗaure. Wani ya ce la'anar kakanni ce ke bin mu, wani ya ce sai na aika kuɗin "shuka iri" kafin ƙofa ta buɗe, kowannensu kuma da ayar da yake kafa hujja da ita. Yanzu ko na durƙusa yin addu'a sai in rasa abin faɗa. Ta yaya zan gane gaskiya?

Amsa: 'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke da gidanki. Ki fara da sanin cewa ruɗewar da kike ciki ba ta fitar da ke daga bangaskiya ba. Yahaya Mai Baftisma, wanda ya yi wa Yesu baftisma da hannunsa, da zaman kurkuku ya yi masa nauyi sai ya aiki almajiransa su tambaya ko Yesu ne mai zuwan, ko kuwa a saurari wani (Matiyu 11:2-3). Ubangiji bai tsawata masa ba, ya ce a koma a gaya masa abin da aka ji da abin da aka gani.

Jin aya a bakin mutum ba ya tabbatar da gaskiyarsa, domin Shaiɗan ma ya jawo Zabura 91 sa'ad da yake gwada Yesu, ya ce masa ya faɗo daga kan Haikali (Matiyu 4:6). Ayar gaskiya ce, amma an ciro ta daga wurinta. Mutane da yawa ba su san cewa manzo Bulus bai sa lambobin sura da aya a wasiƙunsa ba. Rabon surori ya zo ne a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai a 1551. Ikkilisiyoyin farko sukan karanta wasiƙar ne ɗungum, kamar yadda za ki karanta wasiƙar da mahaifiyarki ta aiko miki.

Bari mu gwada da maganar shuka iri. Ayar da ake yawan jawowa ita ce 2 Korantiyawa 9:6, wadda ta ce mai ƙwauron shuka kaɗan zai girba. In kika karanta sura ta 8 da ta 9 gaba ɗaya, za ki tarar Bulus yana tara gudummawa ne saboda matalautan masu bi da ke Urushalima, kuma a sura ta 9 aya ta 7 ya ce kada kowa ya bayar a kan tilas ko da ɓacin rai. Wato a halin da kuke ciki, gidanku na cikin waɗanda ya kamata a tara wa. Sa'ad da Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:20). Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin na taɓa zama da wata gwauruwa wadda ta sayar da akuyarta guda ɗaya tak ta aika wa mutumin da ba ta taɓa gani ba sai a waya, ta dawo tana zargin kanta da ƙarancin bangaskiya.

Game da la'ana, ki karanta Ezekiyel 18, inda aka ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba, da Galatiyawa 3:13, inda aka ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a. Haka kuma a Yahaya 9, da almajirai suka tambaya zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba.

In kin je kasuwa sayen gero, ai ba kya yarda da na saman buhu, sai kin cusa hannu kin ɗebo na ƙasa kin murza kin duba. Haka mutanen Biriya suka yi wa Bulus kansa: sun karɓi maganarsa da marmari, amma kowace rana suna bin Nassosi don su ga ko haka ne, aka kuwa yaba musu (Ayyukan Manzanni 17:11). In manzo bai fi ƙarfin a bincika maganarsa ba, balle mai wa'azin waya. Wanda ya fusata don kin ce ya nuna miki a rubuce, ki yi hattara da shi.

Shawarata ita ce ki dakatar da sauraron waɗannan wa'azozi na wata guda. Ki ɗauki Linjila ta Markus, surorinta 16 ne kawai, ki riƙa karanta sura ɗaya da sassafe kafin zafin Sakkwato ya taso da hidimar gida, ba tare da tsallake ko'ina ba. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, saboda haka harshe ba zai hana ki ba. Ki ajiye ɗan littafin rubutu kusa, ki rubuta wa ke magana, da wa yake yi, da kuma abin da ya faru kafin nan. Inda kika kasa ganewa ki sa alama, ki kai wa faston da ya san gidanki ko wata dattijuwa a zumunta, don matambayi ba ya ɓata. Ko babban ma'aikacin nan na Habasha sai da Filibus ya zauna kusa da shi cikin karusa kafin ya gane abin da yake karantawa a littafin Annabi Ishaya (Ayyukan Manzanni 8).

Addu'a kuwa, in kalmomi sun ƙare miki, ki buɗe Zabura 13 ki karanta ta a bayyane, ta zama taki. Ki kuma gaya wa dattawan ikkilisiya zancen aikin maigidanki a fili, domin wataƙila a cikinsu akwai wanda ya san inda ake neman ma'aikaci.