Tambaya da Amsa: Farar hamada da farin dango, iri ɗaya ne?

TAMBAYA: Malam, na ga hoton fara iri biyu. Ɗaya kore-kore tana zaune ita kaɗai a kan ciyawar hamada, ɗayar kuma rawaya cikin taron farin dango. An ce mini wai duk abu ɗaya ne. Anya kuwa? Kuma a wane dangi masana suka sa su?

AMSA: Ɗan'uwa, wanda ya faɗa maka haka ya yi gaskiya. Masana ma sun daɗe suna yi wa irin wannan kallon jinsi biyu, sai a 1921 Boris Uvarov, masanin ƙwari ɗan asalin Rasha, ya nuna a kan wata fara mai suna Locusta migratoria cewa halitta ɗaya ce take sauya kama.

Ga yadda abin yake. Ruwa ya sauka a hamada, fari suka hayayyafa, daga baya ciyawa ta fara bushewa, suka cunkushe a 'yan wuraren da suka rage. Da zarar ƙafafunsu na baya sun yi ta gogar juna, sinadarin serotonin, mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, yakan ƙaru a jikinsu, cikin 'yan sa'o'i mai gudun 'yan'uwanta ta koma neman su. Launi kuma yakan biyo baya a hankali. Ƙananan da ba su yi fiffike ba su zama rawaya da ɗigon baƙi, sababbin manya ja-ja, idan sun isa haihuwa su rine rawaya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ta ce taron da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya na iya cinye abincin mutum 35,000 a rana.

Sunan farar hamada a kimiyyance Schistocerca gregaria, bayaninta na farko a kimiyyance na masanin halittu Peter Forsskål ne, an buga shi a 1775. Tana cikin dangin Acrididae, masu gajerun eriya (siraran ƙahonnin da ke kan ƙwari), a babban rukunin Orthoptera, inda gyare ma yake.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zuriyarta. Ƙaramin rukuninta da ake kira Schistocerca na da jinsi kusan 50, amma duk suna nahiyar Amurka, ita kaɗai ce a Afirka da Asiya. Ita ma ta rabu biyu: ta arewa, daga Muritaniya har Indiya, mai haddasa annoba kamar ta gabashin Afirka a 2020, da ta Namibiya da Afirka ta Kudu da ake kira flaviventris, wadda ba kasafai take yin dango ba.