Amsoshin tambayoyinku: furen bakin tafki daga iri

Tambaya: Ina zaune a Ingila. Na haƙa ɗan tafki a bayan gida, na shuka irin marsh marigold, wata biyu ke nan ko tsiro ɗaya babu. Anya hannuna na da albarka kuwa?

Amsa: Kwantar da hankalinki Hajiya, hannunki lafiya lau. Wannan fure, Caltha palustris, irinsa ba ya son bushewa. A daji yakan nuna wajen watan Yuni, ya faɗo kan laka, ya sha sanyin hunturu, sannan ya tsiro. Na cikin fakiti ya riga ya bushe, sai sanyi mai damshi ya tayar da shi. Ki cuɗa irin da jiƙaƙƙen yashi, ki ɗaure a leda, ki ajiye a firiji wajen digiri 4, ba ɓangaren ƙanƙara ba, kwana 60 zuwa 90. Sannan ki cika tukunya da ƙasa mai laka, ki barbaɗa irin a sama ki ɗan danna, kada ki binne shi. Tukunyar ta zauna cikin faranti mai ruwa kamar santimita 3, kuma kada ruwan ya ƙafe ko na yini ɗaya, nan ne yawancin mutane ke asara.

Wadda kika riga kika shuka kada ki zubar. Ki bar ta waje ta sha hunturu, sau da yawa a Maris ko Afrilu take tsirowa. Idan shukar ta yi ganye huɗu ko biyar, ki mayar da ita kwandon shukar ruwa, ki rufe ƙasar da tsakuwa, ki ajiye a gefen tafkin inda ruwa bai wuce santimita 5 bisa gindinta ba. Fure sai shekara ta biyu ko ta uku. In kina gaggawa, sayi tsayayyar shuka, ko ki roƙi mai ita ya rabo miki gindi bayan ta gama fure.

Tambaya: Daga Kano. Na ga irinsa a intanet, mai fure shuɗi da mai ninki biyu. Wanne zan saya?

Amsa: Malam, ko ɗaya. Furen ƙasar sanyi ne, na fadamun Turai da arewacin Amurka da Asiya. Ko a can, zafi na tsananta yake zubar da ganye. Ina ga zafin Afrilu a Kano? Ko firiji ya sa ya tsiro, ba zai samu hunturun da yake bukata kowace shekara ba.

Sai kuma abin da ya fi ci mini rai. Wannan fure ruwan ɗorawa ne, akwai kuma fari. Babu shuɗi. Hoton da ka gani da kwamfuta aka rina shi. Mai ninkin kuwa yawanci ba ya yin iri, da rabon gindi ake yaɗa shi, to me aka zuba cikin fakitin? Mai sayarwa ya san sai bayan watanni za ka gane, lokacin mayar da kaya ya wuce. Mutum zai tsaya ya taya kwanon masara har ransa ya ɓaci, amma ya tura kuɗi da canjin dala, da kuɗin aike a kai, don ƙwayoyin da bai san asalinsu ba. Fakitin da babu cikakken sunan shuka, babu shekarar da aka tara irin, bar musu kayansu. Kada kuma masu furanni na bakin titi su miƙo maka marigold ɗin da muka saba gani su ce shi ne. Wannan dangi daban ne, ruwa ya kwanta a gindinsa ruɓewa yake.

Tafkinka bado yake so. Samo saiwarsa daga kududdufi da damina, ka dasa a bokiti mai laka, ka nutsar da shi kamar kamu ɗaya zuwa biyu, inda rana ke bugawa sosai.

Tambaya: Ganyen marsh marigold ya yi kama da na miya. Ana ci? Zan iya ba akuya?

Amsa: Haba ɗan'uwa! Duk koren ganye sai tukunya? Ɗanyensa na da guba mai ƙona baki da ciki, ruwansa kan sa fata ta yi ƙuraje. Ka sa safar hannu in za ka yanka, ka kange akuya da yara daga wurin.