Ka ƙirga kwanakinka kafin ka sayi tikitin gida

Wani matashi mai takardar izinin zama a Jamus ya rubuto daga Malesiya. Kwantiragin aikinsa ya ƙare, sai ya saɓa jakar goyo ya shiga duniya: Tailan, Lawos, Biyetnam, Kambodiya. Yanzu wata biyar ke nan, guzuri ya kusa ƙarewa, yana so ya wuce gida wajen mahaifiyarsa ya yi wata biyu, sannan ya koma Jamus neman aiki. Ya ce: "Da na waiwaya sai na ga ban tara komai ba sai hotuna. Me zan ce wa Mama, me zan ce wa masu ɗaukar aiki?" A ƙasan wasiƙar ya ƙara da cewa ya zarce bizarsa da kwana huɗu a Tailan, ya biya tara, an wuce wurin.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayoyinka biyu za mu zo kansu, amma abin da ya fi tayar mini da hankali ba ka ma tambaye shi ba. Biyar da biyu bakwai ne. Dokar zama ta Jamus, sashe na 51, ta ce wanda ya fita ƙasar bai dawo cikin wata shida ba, takardar zamansa ta mutu, ko da ranar da aka buga a jikin katin tana nuna saura shekara guda. Ba wanda zai aiko maka da wasiƙar gargaɗi. Katin yana aljihunka lafiya lau, sai ka isa gaban jami'in shige da fice ya duba hatimin fitarka ya ce maka wannan ba ya aiki. Masu Blue Card, wato katin zama na ƙwararrun ma'aikata, an ba su wata goma sha biyu, don haka fara da duba wace iri ce taka. Da Hausawa suka ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, Jamusawa rubuta shi suka yi a doka.

Mafita tana nan, amma lokacinta ƙanƙane ne. Ofishin kula da baƙi na garin da kake da rajista, wato Ausländerbehörde, yana da ikon ƙara maka wa'adin, da sharaɗin ka nema kafin wata shidan ya cika. Ka rubuta musu yau, ka faɗi ranar da ka fita, da dalilin, da ranar da za ka dawo, ka kuma jira amsa a rubuce. Shiru ba amincewa ba ne. In amsa ba ta zo ba, ka koma Jamus tukuna, gida ya biyo baya. Kada kuma wani ya ruɗe ka da dabarar shiga kwana biyu a fito don a karya lissafi, domin wannan sashen yana duba ko barin ƙasar na wucin gadi ne ko kuwa mutum ya tattara ne gaba ɗaya. Sannan idan takardarka a ɗaure take da aikin da ya ƙare, ofishin yana iya rage wa'adinta, don haka ka sako wannan ma a wasiƙar, gara su ji daga bakinka. 'Yan'uwa da ke wasu ƙasashen su lura, kowace da nata ma'auni: a Birtaniya izinin zama na dindindin yana faɗuwa bayan shekara biyu a waje, a Amurka kuwa mai girin kad, wato katin zama na dindindin, da ya shekara a waje ba tare da izinin sake shiga ba ya jefa kansa cikin rigima.

Katin naka na Jamus ne ma yake sauƙaƙa maka hanya. Masu fasfon Najeriya da Ghana suna buƙatar bizar yada zango ko da jirgi kawai za su canza a filin jirgin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai irin su Jamus da suka buɗe iyakokin da ke tsakaninsu, sai in suna riƙe da takarda mai rai irin taka. Ka duba kuma ko fasfon yana da sauran wata shida da shafuka farare, don bizojin manne na kudu maso gabashin Asiya cin shafi gare su.

Batun Tailan, tarar bat (kuɗin ƙasar) 500 ce a kowace rana, ba ta wuce 20,000, kuma kwana huɗu bai kai a hana ka sake shiga ba. Amma ka adana rasidin. Fom ɗin bizar Birtaniya yana tambayar tafiye-tafiyen shekara goma, na Amurka yana tambayar ƙasashen da ka shiga cikin shekara biyar. Duk fom ɗin da ya tambayi zarce biza, ka amsa da gaskiya. Kwana huɗu ƙaramin laifi ne, ɓoye shi ne yake janyo a kira mutum maƙaryaci, wannan tabon kuwa ya fi daɗewa. Tun kana tune, ka zauna da fasfo a hannu ka rubuta ranar shiga da fita ta kowace ƙasa, ka ɗauki hoton kowane shafi.

Masu ɗaukar aiki ba za su firgita da wata biyar ba. Layi ɗaya ya ishe ka a takardar tarihin aikinka: daga wata kaza zuwa wata kaza, tafiya a kudu maso gabashin Asiya da kuɗin kaina. Abin da suke ƙi shi ne giɓin da ba bayani. Sai dai a wasiƙarka ka ambata cewa ka yi makonni kana taya wani masauki karɓar baƙi a madadin gadon kwana. Kada ka ƙawata wannan ka mai da shi "aiki", domin ƙasashe da yawa suna ɗaukar irinsa aiki ne, bizar yawon buɗe ido kuma ba ta halatta shi ba.

Ban yarda ba ka tara komai ba. Mutumin da ya yi kwana biyu a jirgin ruwan katako a kogin Mekong daga Huay Xai zuwa Luang Prabang, ya kwana Pakbeng cikin mutanen da ba ya jin ko kalma ɗaya ta bakinsu, ya kuma bi jirgin ƙasa sama da kilomita 1,700 daga Hanoi zuwa birnin Ho Chi Minh yana lissafin kowane kwabo, ya san iyakar haƙurinsa, ya san abin da zai iya rayuwa ba shi. Amma kada ka sa ran mutanen gida su auna abin da ma'auninka. Za su saurari labarin rana ɗaya, gobe su koma kan nasu, waɗanda suka faru ba ka nan. Ka fi yin tambaya fiye da ba da labari.

Mama kuwa, ka kira ta tun kafin ka taso, da murya, ba saƙo ba. Ka gaya mata aikin ya ƙare, kuɗin tafiya ta cinye, kuma za a yi 'yan watanni ba aike. Idan ka dakatar da abin da ka saba turawa lokacin tafiyar, ka nemi afuwa ba tare da kwana-kwana ba, ka tambayi wanda ya ɗauki nauyin a madadinka, ka yi masa godiya ta musamman. In takarda ta tilasta ka fara komawa Jamus, ka bayyana mata dalilin, ka ba ta watan da za ka zo.

Idan zazzaɓi ya kama ka cikin makonni biyun farko bayan ka sauka, ko a ina ne, ka lissafa wa likita ƙasashen da ka bi, domin zazzaɓin dengi ya yi yawa a yankin da kake, kuma ba da maganin maleriya ake magance shi ba.