Tambaya da Amsa: Yadda Za a Rage Zafin Gida Ba Tare da Dogaro da Wutar Lantarki Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gina gida mai ɗaki uku a wajen Ƙofar Ƙaura, gini ya kai linta. Da wanne zan fara, na'urar sanyaya ɗaki ko sola? Zafin bazara nake gudu. Daga wani mai karatu, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka ajiye duka biyun tukuna, ka fara da rufi. A Katsina zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, kuma a gidan da ba bene ba, mafi yawansa ta kwano yake saukowa. Ka zaɓi kwano fari ko mai hasken launi. Baƙi da ruwan ƙasa da ake yayi yanzu suna da kyau a ido, amma rana suke sha su juye ta cikin ɗaki.

Ka sa kafinta ya shimfiɗa takardar alminiyon mai ƙyalli a ƙarƙashin kwanon, ya bar tazarar santimita 2 zuwa 3 tsakaninsu. A nan ake yawan kuskure: idan takardar ta manne da kwano, amfaninta zai ragu. Tsakanin silin da kwano kuma a bar kafofin iska a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, a toshe su da raga saboda jemagu da tsuntsaye. Idan babu su, iska mai zafi takan taru a wurin, silin ya yi ta huci har tsakar dare. Tsayin ɗaki kada ya gaza ƙafa 10, bakin rufi ya leƙo waje aƙalla santimita 60 don ya yi wa bango inuwa.

Bangon yamma shi ne mai shan ranar la'asar. Ka rage tagoginsa, ka dasa bedi a gefen, amma da nisan mita 5 saboda saiwa. Kowane ɗaki ya samu taga biyu a bango daban-daban. A buɗe da dare, a rufe da hantsi.

Bayan haka sai lissafin wuta. Fankar sama da aka saba tana jan kusan wat 75, ta zamani mai amfani da batir kusan 30. Ƙwan fitila na LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Na'urar sanyaya ɗaki ƙarama kuwa tana jan wajen wat 900, wato kamar fanka 12 na tsohon yayi. Ka rage wannan nauyin kafin ka kira mai sola, sai faranti da batirin da za ka saya su ragu sosai.

Tambaya: Malam, shin ginin ƙasa ya fi na bulo sanyi, ko faɗa ce kawai? Daga wata mai karatu, Daura.

Amsa: Hajiya, gaskiya ne. Kaurin bangon tubali yana riƙe zafin rana na sa'o'i, ba ya isa ciki sai dare ya yi sanyi. Shi ya sa soro yake da daɗin zama da azahar. Hasumiyar Gobarau da ke Katsina ma da ƙasa aka gina ta, ga ta nan tsaye shekaru aru-aru, ana kula da ita.

Ruwa da gara ne ke ɓata shi. A ɗaga tushe da dutse da siminti har gwiwa, indararo ya yi tsawon da zai zubar da ruwa nesa da bango, a duba azara da yaɓen makuba kafin kowace damina. Ban yarda da yi wa tubalin laka filasta da siminti ba: yakan tsage, ruwa ya shiga ta baya, ya ɓamɓare da laka a jikinsa. Idan kina son ƙarfi, a buga bulon jar ƙasa da injin matsewa, awo 1 na siminti cikin awo 20 na ƙasa, a jera a inuwa ana yayyafa masa ruwa kwana 14 kafin a ɗora.