Amsa ga mai tambaya kan maganin wanke ƙoda

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce Baba yana Tawa, ya haura shekara sittin, fitsarinsa ya koma ɗigo-ɗigo, yana yawan tashi da dare, bayansa na ciwo, kuma kwanan nan ƙafafunsa sun fara kumburi. Wani ya kawo masa jiƙo cikin bido wai na wanke ƙoda, ke kuma kina neman a faɗa miki itacen da ya fi aiki. Na karanta amsoshin 'yan'uwa, wannan ya ce sabara, wancan ya ce geza, wata ta ce a haɗa da jar kanwa. Kowa da kyakkyawar niyya ya rubuta, amma ni roƙona a ajiye bidon nan tukuna.

Ni ba lokotoro ba ne. Mahaifina saiwa da sassaƙe ya sayar har Allah ya karɓi ransa, a gabansa na tashi, don haka ba za a ji raina itace daga bakina ba. Ni kuma tuƙi na yi a hanyar Tawa zuwa Yamai, na yi fama da tsakuwar ƙoda, daga baya na yi jinyar yayana da aka riƙa yi wa wankin ƙoda da inji a asibitin Lamorde da ke Yamai. Daga nan nake magana.

Abin da muke kira ciwon ƙoda ba ciwo ɗaya ba ne. Da yawa cikin masu dafe ƙugu suna cewa ƙoda ce, jijiya ce ko ƙashin baya, ƙodarsu lafiya lau. Ita kuwa ƙodar da ke lalacewa a hankali, wadda hawan jini da ciwon suga suka fi jawowa, sau da yawa ba ta ciwo ko kaɗan. Yayana bai taɓa kukan baya ba. Kasala ce, sai abinci ya fita ransa, sai fuska ta riƙa kumbura da safe, fitsari na kumfa. Tansiyonsa ya daɗe a sama, yana shan ƙwaya wata ɗaya ya bari wata uku don yana jin garau.

Alamun Baba na farko sun fi kama da kumburin furostat, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda ke girma idan shekaru sun ja har ya matse hanyar fitsari. Wannan kaɗai ba abin tashin hankali ba ne, dattawa da yawa na tare da shi. Kumburin ƙafar ne ya hana ni yin shiru. Idan mafitsara ta daɗe ba ta juye abin da ke cikinta, fitsari na taruwa ya koma sama ya danne ƙodojin biyu. In an gano da wuri aka sa robar fitsari aka buɗe hanya, ƙoda na iya farfaɗowa. In an ɓata watanni ana jiƙo, abin da ya mutu ya mutu. Kumburin kuma zai iya zama daga zuciya ko hanta, ba mai rarrabewa da ido.

To mi jiƙon zai yi a nan? Yawancin abin da ake sayarwa da sunan wankin ƙoda, aikinsa sa fitsari ne ko sa zawo. Mutum ya sha, ya ga yana ta zarya bayan ɗaki, sai ya ce datti ne ke fita. Mai lafiyar ƙoda zai iya jure wannan zaryar. Ga wanda hanyarsa ta toshe ko ƙodarsa ta raunana, kamar jakin da ya gaji da kaya ne ka ƙara masa bulala. Zawon ma ƙarar da ruwan jiki yake yi, ƙoda kuwa ba abin da ta tsana irin rashin ruwa. Shi ya sa filasko da danginsa ba su da wuri a wannan ciwo.

Jar kanwa kuma, don Allah a daina ba da shawararta a wannan zaure. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki tana ɗaga tansiyo. Mai kumburin ƙafa ko a tuwo rage masa ita ake yi, balle a jiƙa masa a kofi. Haka zogale, da kowa ya mai da shi maganin kowace cuta. Abinci ne mai kyau, ni ma ina cin kwaɗonsa. Amma ganyaye irinsa da dabino da ayaba suna da sinadarin fotasiyam, wanda lafiyayyar ƙoda ke zubar da rararsa ta fitsari. Idan ta kasa, sai ya taru a jini, yana iya tsayar da zuciya. A wurin wankin ƙoda wannan na cikin abin da ake fara ja wa majinyata kunne a kai.

Akwai saiwar da nake so kowa ya riƙe sunanta, duman dutse, wasu na cewa maɗacin ƙasa. Ana jiƙa ta don ciwon ciki da wasu abubuwa. Dangin wannan tsiro na ɗauke da guba mai cin ƙoda. A Beljiyam, farkon shekarun 1990, mata fiye da ɗari sun samu lalacewar ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba da aka haɗa da wani ɗan'uwan tsiron nan daga Sin, da yawa sun ƙare a injin wanki, wasu kuma daga baya ciwon daji ya fito musu a hanyar fitsari. Matsalar bido ke nan: ba ki san abin da ke ciki ba, ba ki san yawansa ba. Mahaifina a gaban mai saye yake ɗauko saiwa ya faɗi sunanta, ya ce ga yawan da za a jiƙa, ga ranar da za a tsaya. In ya ga mutum ya kumbura ko idonsa ya yi rawaya, ba ya karɓar kuɗinsa, cewa yake a tafi likita. Masu lasifika a bakin tasha da ke cewa gora ɗaya na maganin basir da sanyi da ƙoda da ƙarfin maza, ba sana'a ɗaya suke yi da shi ba.

Kada kuma a ɗora wa itace laifi shi kaɗai. Ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye a tire, irin su diklofenak da ibuprofen, suna cikin manyan masu kashe ƙoda idan an daɗe ana sha. Mu direbobi mun san su sarai. Ki tambayi masu zama da Baba ko yana shan su don bayan nan, dattawa ba su cika faɗi ba.

Inda na ga amfanin abin gida da idona, a tsakuwa ne. Zafin Afrilu da Mayu a Adar ba sai an ba ki labari ba, ga shi mu a hanya muna rage shan ruwa don kada mu yi ta tsayawa. Fitsari ya yi kauri, tsakuwa ta haɗu. Ciwonta ba ya ɓuya, daga kwiɓi yake tasowa ya gangaro mara, mutum ya kasa zaune ya kasa tsaye. Da aka yi mini eko, wato hoton cikin jiki da na'ura, aka ga ƙarama ce, lokotoron ya ce wadda ba ta kai milimita 5 ba yawanci da kanta take fita, wadda ta wuce milimita 10 kuwa da wuya. Ya ce in sha ruwa har fitsarina ya kai wajen lita 2 a yini, in rage gishiri. Na riƙa matsa lemun tsami a ruwan, ina shan shayin geza da dafaffen gemun masara marar kauri, ta fita. Gaskiya ruwan ne ya yi babban aikin, ganyen ya taimaka mini na sha shi da yawa. Amma sai da aka auna girmanta, aka ga ƙodata lafiya take. Wannan shawarar shan ruwa da yawa ba ta Baba ba ce, mai kumburi lokotoro ne ke yanka masa abin da zai sha.

Wata ta kawo zancen yaronta mai fitsarin jini a ƙarƙashin tambayarki. Idan yana wanka a tabki ko gulbi ko hanyar ruwan noman rani, irin na Tabalak ko Ƙwanni ko bakin Isa a Yamai, a fara zargin tsargiya. Tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fata. Maganinta praziquantel, wanda ake rabawa a makarantu, ana ba da shi gwargwadon tsawo ko nauyin yaro. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda ake cewa a ƙauye, in an bar ta tana lalata mafitsara. Mai zafin fitsari da zazzaɓi da ciwon kwiɓi kuma, wannan ƙwayar cuta ce ta hau sama, a yi analiz ɗin fitsari a ba da maganin da ya dace da ita, musamman mace mai ciki.

Furostat ɗin ma akwai maganinsa na itace a farmasi, daga ɓawon wata bishiya da ke fitowa a tsaunukan Kamaru, an tace an auna. Ko shi rage damuwar fitsari yake yi, ba ya buɗe hanyar da ta toshe.

Ga abin da zan yi in da mahaifina ne. Cikin satin nan a kai shi babban asibitin Tawa, a auna tansiyo da suga, a yi analiz ɗin jini na kireyatinin da ure, masu nuna yadda ƙoda ke aiki, a duba fitsari, a yi eko na ƙoda da mafitsara da furostat. A tafi da bidon da duk ƙwayar da yake sha, a nuna ba tare da jin kunya ba, sun saba gani. In sun ce sai Yamai, kada a tsaya shawara da dangi har wata ya wuce. Hanyar da nisa, kusan kilomita 550, amma wankin ƙoda sau biyu ko uku ne a sati, kowane zama wajen awa 4, kuma iyali kan bar gida da gona su tare kusa da injin. Kuɗin analiz bai kama ƙafar wannan ba.

Idan kuwa fitsarin ya tsaya cak, mara ta kumbura tana ciwo, ko ya fara amai da shaƙuwa, ko numfashi ya yi masa wuya in ya kwanta, ko hankalinsa ya fara gushewa, ba a jiran safiya, a ɗauke shi a daren. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan kula da shi.