Ciwon ƙoda: sau nawa ya kamata a koma asibiti? Likita ya amsa tambayoyinku

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon sun taru a kan masu fama da ciwon ƙoda mai daɗewa, wato wanda ya haura wata 3 ƙodar ba ta dawo daidai ba. Na zaɓi biyar.

TAMBAYA: Likita, ni magidanci ne daga Gashuwa, shekarata 52. An ce ƙodata ta yi rauni, an rubuta eGFR 52 a takardata, kuma an ga furotin kaɗan a fitsarina. An ce in dawo bayan wata 6. Ni kuwa garau nake jin kaina, ina zuwa gona. Dole ne sai na koma?

AMSA: Malam, dole ne, kuma jin garau ɗin nan shi ne abin da ya fi damuna a tambayarka. Ciwon ƙoda ba ya sallama. Mutum kan rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana noma, yana kasuwa, ko ciwon kai bai ji ba. Kumburin ƙafa da fuska, amai, ƙaiƙayin jiki, ƙyamar abinci, duk waɗannan sai tafiya ta yi nisa suke bayyana. Shi ya sa sakamakon gwaji muke dubawa idan za mu sa ranar dawowa, ba yadda mutum yake ji ba.

Lambar nan ta eGFR ƙiyasi ce ta yawan jinin da ƙoda ke tacewa a minti ɗaya, ana fitar da ita daga gwajin kiriyatinin na jini, wato wani datti da ƙoda ke tacewa ta fitar, tare da shekarun mutum da jinsinsa. Da ita aka raba ciwon hawa biyar: 90 zuwa sama mataki na 1, 60 zuwa 89 na 2, 30 zuwa 59 na 3, 15 zuwa 29 na 4, ƙasa da 15 na 5. Na 3 ɗin ma an raba shi gida biyu, 45 zuwa 59 da kuma 30 zuwa 44. Kai kana gidan farko.

Lamba ta biyu, wadda mutane da yawa ba sa kulawa da ita, ita ce yawan furotin ɗin da ke yoyo cikin fitsari. Ƙasa da miligiram 30 a kowane giram na kiriyatinin ɗin fitsari babu matsala, 30 zuwa 300 matsakaici ne, sama da 300 ya yi yawa. Ƙa'idar KDIGO, wadda likitocin ƙoda na duniya ke aiki da ita, tana haɗa lambobin biyu ne ta fitar da lokaci. Mai mataki na 1 ko na 2 ko gidan farko na mataki na 3, idan fitsarinsa na da tsabta, sau ɗaya a shekara ya isa. Irinka, mai eGFR 52 da furotin matsakaici, sau biyu. Mai mataki na 4, aƙalla sau uku. Mai na 5, sau huɗu ko fiye, sau da yawa ma wata-wata. Ka ga ke nan likitanka bai ƙara maka ko kwana ɗaya ba.

Ka riƙa adana takardunka wuri guda, ka zo da su duk zuwa. Lamba ɗaya ba ta gaya mana komai sosai. Wanda ya zauna a kan 52 shekara uku daban yake da wanda ya sauko daga 65 zuwa 52 cikin shekara ɗaya, domin faɗuwar da ta haura maki 5 a shekara muna ɗaukarta faɗuwa mai sauri, a nan kuwa za mu matso da ranar dawowa. Kuma kai ɗan Gashuwa ne, ba sai na ba ka labarin yadda wannan ciwo ya addabi ƙasar Bade ba. Ka tura iyalinka manya su ma a auna su.

TAMBAYA: Mahaifiyata a Damagaram tana da ciwon suga da hawan jini shekara 8. Ba a taɓa ce mata tana da ciwon ƙoda ba, amma kuma ba a taɓa aunawa ba. Yaushe ya kamata?

AMSA: 'Yata, tun tuni. Suga da hawan jini su ne kan gaba wajen lalata ƙoda. Mai ciwon suga irin na manya ana auna masa ƙoda tun ranar da aka gano ciwon, sannan duk shekara. Ki kai Hajiya a yi mata gwaji biyu tare, na jini da na fitsari. Kada ki yarda da na jini kaɗai, domin a mai suga furotin kan riga bayyana a fitsari tun kiriyatinin yana nuna lafiya lau. Hoton ciki ma ba ya maye gurbinsu. Idan sakamakon ya fito da matsala, za a maimaita bayan wata 3 kafin a yanke hukunci. Idan kuma tana shan maganin suga na metformin, likita na buƙatar lambar don ya san ko zai rage shi: ƙasa da 45 ana sake duba yawansa, ƙasa da 30 ana dakatar da shi.

TAMBAYA: An ɗora ni a kan lisinopril, aka ce in dawo gwajin jini bayan sati biyu, alhali watan jiya aka ɗibi jinina. Ba ɓarnar kuɗi ba ce?

AMSA: Ba ɓarna ba ce, ɗan'uwa. Lisinopril da losartan da danginsu, magungunan hawan jini, suna kare ƙoda, amma a farkon shansu ko idan an ƙara yawansu, sinadarin fotasiyam na iya hauhawa a jini, shi kuwa idan ya yi yawa bugun zuciya yake dagulawa. Don haka ake dubawa cikin sati 2 zuwa 4. Idan kiriyatinin ya ɗan tashi kada ka tsorata ka daina shan maganin da kanka, tashin da bai wuce kashi 30 cikin 100 ba abin da muke tsammani ne.

TAMBAYA: Mijina yana mataki na 4. Daga ƙauyenmu zuwa asibitin da likitan ƙoda yake tafiyar yini ce, ga kuɗin mota ga na gwaji. Wallahi zuwa duk wata 3 ya fi ƙarfinmu. Yaya za mu yi?

AMSA: Baiwar Allah, na ji ki, kuma na san ba ke kaɗai ba ce. Amma ba zan ce ku rage zuwa ba, domin a mataki na 4 ne zuwa asibiti ya fi amfani. A nan ake gyara ƙarancin jini, a daidaita magunguna, a kuma fara shirin abin da ka iya zuwa. Jijiyar hannu da ake haɗawa don wankin ƙoda tana ɗaukar makonni kafin ta nuna a iya amfani da ita. Wanda ya ɓace mana shekara guda, sau da yawa ranga-ranga ake kawo shi, a sa masa robar gaggawa a wuya, kuɗin kuma ya ninka abin da aka guje wa. Wankin ƙoda yadda ya kamata sau uku ne a mako, kusan awa 4 kowane zama, kowa ya san abin da hakan ke yi wa aljihun gida.

Abin da za ku yi shi ne ku faɗa wa likitansa gaskiyar halin da kuke ciki. Ku roƙe shi ya rubuta gwaje-gwajen da ba makawa, a riƙa yinsu a babban asibitin da ke kusa da ku, a riƙa tura masa sakamakon. Yawancinmu muna yarda da haka. Awon hawan jini kuwa ko a ƙaramin asibitin ƙauye ana yi, ku riƙa rubutawa a littafi da kwanan wata.

Akwai kuma abubuwan da ba a jira musu ranar da aka sa: raguwar fitsari sosai, haki ko kasa kwanciya saboda numfashi, kumburi mai ƙaruwa, amai ba ƙaƙƙautawa, shaƙuwa da ta ƙi tsayawa, ruɗewa ko yawan barci. Gudawa da amai ma, ko zazzaɓi mai zafi, kan durƙusar da ƙoda mai rauni cikin kwana biyu. Kuma don Allah a raba shi da diclofenac da ibuprofen na kemis, da haɗin ƙwayoyin ciwon jiki, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. A rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa.

TAMBAYA: Ina mataki na 3, zan iya yin azumin Ramadan?

AMSA: Da yawa daga masu mataki na 3 da ciwonsu ke zaune wuri ɗaya suna iya yi, amma ba a yanke wannan daga gida. Ki ga likitanki tun a watan Sha'aban a auna kiriyatinin da fotasiyam, a tsara miki lokutan shan magani tsakanin buɗa baki da sahur, musamman idan kina shan maganin sa fitsari. A sake aunawa bayan sati ɗaya ko biyu da fara azumin. Idan lambar ta faɗi, ko kika ji jiri da raguwar fitsari, ki ajiye. Masu mataki na 4 da na 5 kuwa shawararmu kada su yi, balle idan azumi ya faɗo cikin zafin bazara, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Idan fotasiyam ɗinki yana sama, a kula da yawan dabino da ayaba da lemo wajen buɗa baki, Hajiya, duk ukun suna ɗauke da shi.